Kafin Ki Ajiye Aikinki: Karanta Sanarwar Da Kyau, Sannan Ki Yi Lissafi



Makon jiya wata ƙanwata ta turo min hoton wata sanarwar neman ma'aikata ta WhatsApp, ta rubuta a ƙasa: "Yaya, na je intabiyu, sun kira ni a waya sun ce sun ɗauke ni. Albashin ninkin nawa ne. Gobe zan kai takardar ajiye aiki." Shekararta shida tana koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta kusa da gida, 'ya'yanta biyu suna karatu a can, ga kuma goyo a baya. Na ce mata ta dakata, ta ba ni dare ɗaya. Abin da muka zauna muka warware da ita shi na kawo miki yau, domin na san da yawa cikinmu suna da irin wannan hoton ajiye a waya.

Yawancin sanarwar aiki da Turanci ake rubuta ta, kuma wanda ya rubuta ta yana so ne ta yi daɗin karantawa. Don haka kowace kalma ki tambaye ta: nawa kike nufi a kuɗi, kuma awa nawa kike nufi a rana?

Mu fara da kuɗi. Idan aka ce miki albashi kaza "gross", ana nufin jimillar kuɗin kafin a cire haraji da fansho. "Net" shi ne abin da zai faɗo asusunki a ƙarshen wata. Idan an rubuta "per annum", kuɗin shekara ne, sai ki raba shi gida 12. Kalmar "up to" kuwa tana nufin iyakar abin da za ki iya kaiwa idan komai ya tafi daidai, ba abin da aka yi miki alkawari ba. "Competitive salary" da "attractive salary" ba adadi ba ne, yabon kai ne kawai, sai kin tambaya a faɗa miki nawa ne. Inda kika ga "commission" ko "target", ki sani wani ɓangare na kuɗin kamasho ne, ya dogara da yawan abin da kika sayar ko mutanen da kika kawo. Tambayar da za ki yi ita ce: watan da ban cika adadin ba, nawa zan tafi da shi gida? "Stipend" ɗan alawus ne na rage zafi, galibi ga 'yan sa-kai da masu koyon aiki. Ki riƙe a ranki cewa mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun 2024 naira 70,000 ne, ko da yake dokar ba ta hau kan ƙananan wurare masu ma'aikata ƙasa da 25 ba.

Sai kalmomin da ke nuna tsawon zamanki a wurin. "Permanent" aiki ne na dindindin. "Contract" kwantiragi ne mai wa'adi, wata shida ko shekara ɗaya, kuma idan aka ƙara da "renewable" ana nufin ana iya sabunta shi, ba dole ba ne a sabunta. Ƙungiyoyin agaji sukan rubuta "subject to funding", wato aikin yana nan muddin masu ba da tallafi suna bayarwa. "Probation" lokacin gwaji ne, galibi wata uku zuwa shida, kuma a cikinsa sallama ta fi sauƙi. Akwai kuma abin da ba a cika rubutawa ba: wani lokaci za ki yi aiki a ginin babban kamfani ko banki, alhali wani kamfanin dillancin ma'aikata ne ya ɗauke ki, shi ke biyan ki. Ki duba sunan da ke saman takardar ɗaukar aiki, shi ne ubangidanki na gaskiya.

Kalmomin lokaci su suka fi shafar uwa. "Flexible hours" yana iya nufin ke za ki tsara lokacinki, amma "must be flexible" yana nufin su za su juya lokacinki yadda suke so, har Asabar da Lahadi. "Shift" aikin karɓa-karɓa ne, mai yiwuwa har da na dare. "Work under pressure" sau da yawa alama ce ta aiki mai yawa da mutane kaɗan. "Willing to travel" kuma ki tambaya: kwana nawa a wata, wa zai biya kuɗin mota da masauki?

Akwai kuma inda mu mata muke cutar kanmu, mu fasa neman aikin da muka cancanta. Abin da aka rubuta "required" ko "must have" shi ne sharaɗi, kamar takardar kammala bautar ƙasa, ko rajistar TRCN ga malamai. Amma "added advantage" da "preferred" ƙari ne kawai. Idan kina da sharuɗɗan, ki tura takardunki ko ba ki da ƙarin. Shekarun da kika yi kina riƙe da lissafin shago ko na ƙungiyar mata ƙwarewa ce, ki rubuta su a CV ɗinki.

Yanzu mu zo kan lissafi, ki ɗauko biro da takarda. Ga misali mai kama da na ƙanwar tawa. Tana karɓar naira 80,000 a hannu. Adaidaita sahu zuwa da dawowa 400 ne a rana, kwana 22 ya kama 8,800. Abin da ya rage mata kimanin 71,000.

Sabon wurin ya ce 160,000. Idan aka cire fansho da haraji, abin da zai shigo bai wuce kimanin 135,000 ba. Wurin yana da nisa kuma har Asabar ake zuwa: kuɗin mota 1,000 sau 26, ya zama 26,000. Abincin rana 500 sau 26, ya zama 13,000. Mai raino da ɗauko yara daga makaranta, 15,000. Rangwamen kuɗin makaranta da ake yi wa 'ya'yan malamai zai tafi, idan aka raba shi a wata-wata ya kai 10,000. Jimilla 64,000. Ki cire daga 135,000, saura 71,000. Albashin da ya ninka a baki ya dawo daidai wa daida a hannu. Bambancin shi ne da ƙarfe biyu take gida a yanzu, a can kuwa sai bayan magariba, kuma babu dogon hutun makaranta.

Kada ki ɗauka ina cewa ki zauna inda kike har abada. Lissafin yana da ɗaya gefen. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye ya zuba miki aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ke kuma a cire miki kashi 8. A albashin 160,000, idan aka lissafa a kan duka kuɗin, naira 28,800 ke shiga asusu mai sunanki duk wata. Asusun naki ne, ko kin canza wurin aiki yana biye da ke. Idan inda kike yanzu ba a zuba miki ko sisi, wannan babban abu ne. Haka inshorar lafiya, idan ta haɗa da yara: uwar da ta taɓa kwana asibiti da yaro ta san darajarta. Sannan ki duba gaba. Wurin da za a horar da ke a ƙara miki matsayi bayan shekara biyu ya fi wurin da kika shekara shida a kujera ɗaya, ko da a watan farko kuɗin ɗaya ne.

Batun haihuwa ma ki tambaya kafin ki sa hannu, kada kunya ta hana ki. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba mace hutun haihuwa na mako 12, da aƙalla rabin albashi idan ta kai wata shida tana aiki a wurin. Ta kuma ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana a lokacin aiki. Ma'aikatan gwamnatin tarayya suna samun hutun da ya fi haka tsawo. Ki lura da sharaɗin wata shidan nan: mai ƙaramin ciki da ta koma sabon wuri tana iya haihuwa kafin ta cika shi. Kuma dokar ta fi kare ƙananan ma'aikata, masu manyan muƙamai abin da ke cikin takardar yarjejeniyarsu ne ke aiki a kansu. Shi ya sa komai sai an rubuta.

Wannan ya kawo mu ga abin da na fi jaddada wa ƙanwata. Kiran waya ba takarda ba ne. Kada ki saki reshe ki kama ganye. Ki jira takardar ɗaukar aiki mai ɗauke da sunan kamfani, muƙaminki, albashi a fayyace, lokacin tashi, tsawon gwaji da ranar farawa. Bayan ta zo hannunki sai ki duba wa'adin sanarwa na tsohon wurinki. A dokar ƙwadago, wadda ta yi shekara biyu zuwa biyar mako biyu za ta bayar, wadda ta kai shekara biyar ko fiye wata ɗaya, amma takardarki ta farko tana iya cewa fiye da haka, wasu makarantun ma zangon karatu guda suke nema. Ki fita ta ƙofa cikin mutunci, domin sabon wurin yana iya kiran tsohon ya tambayi halinki.

Ki kuma yi hattara da 'yan damfara. Duk wanda ya ce ki biya kuɗin fom, kuɗin horo ko kuɗin "riƙe miki gurbi" kafin a ɗauke ki, ki ja da baya. Kada ki ba kowa lambar sirrin katinki ko lambar da banki ya turo miki a waya, kada kuma ki bar ainihin takardun karatunki a hannun kowa, kwafi ya isa. Idan aka kira ki intabiyu a wurin da ba ofis ba, ki tafi da wani, ko ki haƙura.

Daga ƙarshe, ki zauna da maigida a yi maganar dalla-dalla, ba "na amince" kawai ba. Wa zai kai yara, wa zai ɗauko su, me za a ci da rana, ranar da yaro ya tashi da zazzaɓi wa zai zauna? Idan kina da wadda ta taɓa aiki a wurin, ki neme ta, ki tambaye ta ko ana biyan albashi a kan lokaci. Matambayi ba ya ɓata.

Ita ƙanwar tawa ba ta kai takardar ajiye aikin ba. Ta rubuta musu ta nemi takarda, ta tambayi batun fansho da kamasho, ta kuma roƙi a bari ta ƙarasa zangon karatu. Har yanzu tana jiran amsa, amma tana jira ne da albashinta a hannu.

Ke fa, wace kalma ce ta taɓa rikita ki a sanarwar aiki? Ki faɗa mana a ƙasa, mu warware ta tare a mako mai zuwa.