Gadar sama ba ta tare ruwa

A daren 9 wayewar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya kwararo cikin Maiduguri mutane suna barci. Kafin rana ta take, unguwar Gwange ta nutse, ruwa ya shiga fadar Shehun Borno, ya shiga Kasuwar Monday da asibitin koyarwa na jami'a, ya rusa katangar gidan yari har fursunoni fiye da 270 suka tsere. Dabbobin gidan zoo na Sanda Kyarimi, waɗanda ba su mutu ba, ruwa ya kwashe wasu ya shiga da su unguwanni. Mutum sama da 400,000 ne suka rasa matsuguni.

Abin da aka fi ji a bakin jama'a a lokacin shi ne, "Ƙaddara ce, Allah ya mayar da alheri." Amin. Babu Musulmin da zai yi jayayya da ƙaddara. Sai dai kalmar tana da daɗi a bakin wanda ya yi asara, ba ta da daɗi a bakin wanda aka ba amanar gyara. An kammala madatsar Alau a 1986, tana ƙarƙashin Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi ta gwamnatin tarayya. A 1994 ta taɓa yin ambaliya ta cinye garin. Shekara 30 ke nan tsakanin gargaɗi da maimaici. Kwanaki kaɗan kafin ta ɓalle ma, jami'an gwamnatin jiha sun je sun duba, suka dawo suka ce wa mutane su kwantar da hankalinsu.

A cikin waɗannan shekaru ba a daina gini a Maiduguri ba. A Disamban 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe gadar sama ta Kwastam, wadda gwamnatin Babagana Umara Zulum ta gina, aka yi ta murna. Ban ga laifin gadar ba, duk wanda ya san cunkoson wurin a da ya san ta yi amfani. Abin da nake dubawa shi ne irin aikin da siyasarmu take so. Tana son abin da za a tsaya a gabansa da almakashi a yanka kyalle, a ɗauki hoto, a buga a allon talla lokacin zaɓe. Kano da sauran jihohi ma sun bi wannan hanya. Yashe magudanar ruwa, toshe tsagar da ke jikin madatsa, auna inda ruwa zai bi idan ya yi yawa, duk waɗannan ba su da ranar buki, don haka ba su da uban gida.

Yanzu kuma yatsa ya koma kan talakan da ya yi gini a bakin kogi. Ana cewa su suka toshe hanyar ruwa, a kawo katafila a rushe. Gaskiya ne gini a hanyar ruwa ganganci ne, kuma dole wasu gidajen su tashi. Amma a tsaya a tambaya: wa ya kai su can?

Tun daga 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke, Maiduguri ta zama mafakar jihar baki ɗaya. Mutanen Bama, Gwoza, Dikwa, Marte, Kukawa da Monguno suka yi ta shigowa, wasu a ƙafa. Akasarinsu ba su ma shiga sansani ba, 'yan'uwa ne suka karɓe su, ɗaki ɗaya ya ɗauki mutum goma.  Waɗanda suka shiga sansani kuwa, an zuba da yawansu a Bakassi da ke kan hanyar Damboa, wanda asalinsa rukunin gidaje ne da gwamnati ta gina. A 2021 gwamnatin jiha ta fara rufe sansanonin cikin gari, da hujjar cewa zaman jiran tallafi yana kashe zuciya, gara kowa ya koma gona. Hujjar tana da ƙarfi. Amma ƙungiyar Human Rights Watch ta ce zuwa Agustan 2022 an kwashe mutum fiye da 140,000 daga sansanoni takwas, kuma ba kowa ne garinsu ya zaunu ba. Wanda ya ji tsoron komawa, ko ya koma ya sake gudowa, ina zai nufa da ɗan kuɗin sallamar da aka ba shi? Ba zai iya hayar GRA ba. Zai nemi fili mafi araha, kuma fili mafi araha a Maiduguri shi ne wanda ruwa yake kwanciya a kai. Da ambaliyar ta zo, sai ga shi an sake buɗe Bakassi ɗin da aka rufe.

Kuma filin nan ba daga sama ya faɗo ba. Akwai dillalin da ya nuna shi, akwai mai unguwar da ya shaida cinikin, akwai ma'aikacin da ya ga ana zuba harsashi ya kau da kai. Idan katafila ta zo, babu ɗaya daga cikinsu da zai kwana a waje.

Rukunin gidajen da muke alfahari da su, 202, 303, 505, 777 da 1000, sunayensu kansu lissafi ne, kuma ma'aikatan gwamnati da masu hali suka fi cin moriyarsu. Mai tura baro da mai sayar da itace ba sa cikin wannan lissafi. Amma an nuna cewa ana iya yin dabam. A Ngarannam da ke ƙaramar hukumar Mafa, inda gwamnatin jiha da hukumar UNDP suka sake gina ƙauyen aka buɗe a 2022, mai zanen gidajen, Tosin Oshinowo, ta zauna da mutanen ta ji yadda suke rayuwa, aka yi wa gidajen zaure, saboda magidanci a ƙasar Borno ba ya shigar da baƙo tsakar gida. Idan an iya tambayar mutanen ƙauye yadda suke son gidansu, me ya hana a tambayi mutanen Gwange inda za su iya komawa ba tare da sun rabu da kasuwarsu da makarantar 'ya'yansu ba?

A farkon 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina Alau. Haƙƙin mutanen Maiduguri ne a riƙa faɗa musu abin da aka kashe da inda aiki ya tsaya, da Kanuri da Hausa, a rediyo, kafin kowace damina. Hukumar BOGIS da ke riƙe da bayanan filayen jihar ta fito da taswirar hanyar ruwa a manna a ƙofar kowane bulama, wato mai unguwa, yadda dillali ba zai sake sayar wa marar sani kwari ba. Wanda kuma za a rushe wa gida, a fara damƙa masa takardar wani filin a kan tudu, inda akwai ruwan sha da hanyar mota, sannan a tada katafila.