Sharhi: Ciwon maƙogwaro ga babba, kafso biyu ba magani ba ne

Da zarar hunturu ya kama, ƙura ta rufe Maradi da Damagaram, sai masu tallar magani a faranti su shiga kasuwa. Magidanci ya wayi gari yawu ba ya haɗiyuwa, ya tsayar da mai talla, ya sayi kafso biyu ko huɗu na amoksisilin, ya kora da shayi ya wuce aiki. Wannan ɗabi'a ta zama jiki, kuma tana da illa ta fuska biyu.

Mafi yawan ciwon maƙogwaro ga manya ƙwayar bairus ce ke kawo shi, irin ta mura, wadda kafson ba ya taɓa ta ko kaɗan. Kusan ɗaya cikin goma ne kawai ke fitowa daga ƙwayar bakteriya mai suna istireptokok ta rukunin A, wato abin da ma'aikatan lafiya ke kira anjin. Ita tana zuwa ne farat ɗaya: zazzaɓi, zafin haɗiya, tsokar gefen maƙogwaro ta kumbura da farin ruwa kamar mugunya, kaluluwa ta fito a wuya. Galibi babu tari, babu majina. Wanda ke tari da atishawa da dishewar murya, da wuya a ce ita ce.

Ke nan mutum tara sun sha maganin da ba su buƙata, suna koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Na goman kuma, wanda ya fi kowa buƙata, ya sha na kwana ɗaya ya ajiye don ya ji sauƙi. Ƙa'idar ita ce kwana 10 na penisilin ko amoksisilin, ko allura guda ta benzatin penisilin, bisa umarnin likita. Bayan kwana ɗaya da fara magani mutum ya daina yaɗa cutar.

Wannan batun yaɗawa shi ne ya kamata ya tayar da hankalin iyaye. Babba na iya warkewa da kansa cikin mako guda, ko da yake wani lokaci ƙurji kan taru a bayan maƙogwaro har baki ya ƙi buɗuwa. Amma a ɗakin da ake kwana mutum shida, ana shan ruwa da moɗa ɗaya, yaron gida ne zai ɗauka. Ga ɗan shekara 5 zuwa 15, anjin da ba a yi wa magani ba na iya juyawa bayan mako biyu zuwa uku ya zama zazzaɓin gaɓoɓi, wanda ke lalata ƙofofin zuciya har abada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon zuciya irin wannan na kashe mutum wajen dubu 360 kowace shekara, akasari a ƙasashe matalauta. Mata da yawa ba sa sanin suna da shi sai ciki ya tsufa numfashi ya gagara.

Wanzami ma ba mafita ba ne. Cire beli ba ya kashe ƙwayar cuta, sai dai ya ƙara rauni da zubar jini a wurin da ya riga ya kumbura.

'Yan ci-rani da ke Faransa sun san cewa can a farmasi ake goga auduga a maƙogwaro, cikin 'yan mintoci a san ko bakteriya ce. Ya dace ma'aikatar kiwon lafiya ta wadata cibiyoyin CSI da wannan gwaji da kuma allurar benzatin, musamman tunda an rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi a 2024 don jama'a su riƙa zuwa. Masu aiko da kuɗi gida daga Aljeriya, Libiya ko Abijan su ma suna da ta cewa: in an kira a ce wane maƙogwaro ya kama shi, a tambaya ko ya ga likita kafin a tura kuɗin magani.

Akwai kuma dalilin da ya sa jihar Damagaram ba za ta yi wasa da wannan ba. A 2023 cutar mashaƙo ta ɓarke a can, ita ma da ciwon maƙogwaro take farawa. Duk wanda ya ga fata mai launin toka ta shimfiɗu a maƙogwaro, wuya ya kumbura, ko numfashi na yi masa wuya, asibiti zai nufa a ranar, babba ne ko yaro.