Da Wane Suna Kake Kiran Ɗanka?

'Yan uwa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a makarantar dare inda nake taimakawa da karantar da yara. Na ce wa wani yaro ɗan shekara 7 ya biya karatunsa, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ai ni daƙiƙi ne." Na tambaye shi wa ya gaya masa. Ya ce haka ake ce masa a gida.

Yaro ba ya zuwa duniya da sanin ko shi wane ne. A bakinmu yake ji. Tun yana wajen wata 6 yake fara waiwayowa in an kira sunansa. Tsakanin wata 18 zuwa 24 yake gane kansa a madubi. Daga nan duk abin da iyaye suka yi ta maimaita masa, shi zai riƙe ya ce "ni ke nan".

Ran suna mun yanka rago, mun raba goro, an raɗa masa Abubakar. Bayan nan kuma sai "jaki", "shashasha", "ɗan iska", safe da yamma. To wanne zai zauna masa?

Manzon Allah (SAW) bai raina wannan al'amari ba. Bukhari ya ruwaito cewa ya so ya sauya wa wani sahabi suna daga Hazn, wato mai kaushi, zuwa Sahl, mai sauƙi, amma mutumin ya ƙi. Jikansa Sa'idu ɗan Musayyib ya ce kaushin nan bai bar gidansu ba. Anas ɗan Malik kuwa shekara 10 ya yi yana hidima ga Annabi tun yana yaro, bai taɓa jin ko tsaki daga gare shi ba. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ma ta hana jifan juna da miyagun laƙabobi. Shin 'ya'yanmu ba sa ciki?

Wani zai ce, "Mu ma haka aka yi mana." Ba cewa nake a daina tsawatarwa ba. A ce wa yaro abin da ya yi ba kyau, a nuna masa daidai, amma kada a mayar da laifinsa sunansa. Magana zarar bunu ce.

Allah ya shirya mana zuri'armu, amin.