Karatu Tukuna, Kafin Tara Kayan Rediyo

Muna da ɗalibai a makarantar nan masu sha'awar rediyon 'yan sa-kai, wato wanda mutum zai zauna a ɗakinsa ya yi magana da wani a Ingila ko Indiya ba tare da tarho ba. Wannan abin yabo ne. Abin da ke damunmu shi ne, ɗokin tara kayan awo ya fi ƙarfin karatun jarrabawar lasisi. Kuɗin kashewa na ƙarewa a shagon masu gyaran rediyo wajen sayen tsofaffin mitoci, littafin fiziks kuwa yana shan ƙura.

Ya ku ɗalibai, mai jarrabawa ba ruwansa da abin da ke cikin akwatinku. Abin da ke cikin kai yake nema. Dokar Ohm ce farko: idan aka haɗa batir mai volt 12 da resista mai ohm 6, wutar amp nawa za ta bi? Wanda ya yi jinkirin cewa 2, da sauransa. Sai a san dalilin da ya sa eriyar zangon mita 40 ke kai tsawon kusan mita 20, da dalilin da ya sa wannan zango ya fi tafiya nesa da dare. Akwai kuma ƙa'idoji: lambar kiran Nijeriya tana farawa da 5N, ta Nijar 5U, ta Ghana 9G. Tun shekarar 2003 dokar duniya ta daina tilasta jarrabawar Morse, ta bar wa kowace ƙasa zaɓi, amma mu dai muna ganin a koya, domin saƙon Morse yakan ratsa inda murya ta kasa.

Multimita guda ta ishi mai koyo. Tsohuwar osiloskop kuwa, kafasitocinta na iya riƙe ɗaruruwan volt bayan an cire ta daga soket, kuma wannan wuta tana kisa. Aika saƙo ba lasisi ma laifi ne, don wanda bai san zangonsa ba yana iya shiga na jiragen sama.

Abin ba wasa kawai ba ne. Lokacin girgizar ƙasar Nepal a 2015, masu wannan lasisi sun taimaka wajen isar da saƙonni. Muna roƙon hukumar makaranta ta buɗe ɗakin gwajin kimiyya ranar Asabar da yamma, malami yana tsaye, domin a yi awon a can maimakon ɗakin kwana.