Masu aikin gayya a intanet ma sun cancanci a ambace su

A zangon Kumasi, in an yi biki ko aka gyara rufin makaranta, sai an tashi an karanto sunayen waɗanda suka taimaka, ko sidi biyar mutum ya bayar. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici. To, me ya sa muke mance wannan ɗabi'a idan aka zo kan manhajar da ke cikin wayoyinmu?

Wayar Android da ke hannun mai shayi a Kwadaso da ɗan kasuwa a Kejetia, tushenta Linux ne, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Finland. Ya bar shi a buɗe, kowa ya duba ya gyara, dubban mutane suka sa hannu. Aikin gayya ke nan.

Shiru game da irin waɗannan mutane yana da haɗari. A watan Maris na 2024, wani injiniya mai suna Andres Freund ya gano ɓoyayyiyar ƙofa da aka dasa cikin XZ Utils, manhajar matse fayil da ɗimbin kwamfutoci ke dogaro da ita. Shekaru da dama mutum ɗaya, Lasse Collin, ke riƙe da ita a matsayin ɗan sa kai. Ya gaji, wani ya zo da sunan taimako, ya sami amana, ya ci ta. Duniya na morar aikinsa, amma ba a leƙa halin da yake ciki ba.

Mu ma muna da namu. Akwai masu naɗar muryarsu da Hausa a Common Voice, shirin da Mozilla ta buɗe a 2017 don na'ura ta koyi jin harsuna. Akwai matasan Tamale da suka tsaya har Wikipedia ta Dagbani ta samu a 2021. 

Ra'ayinmu shi ne, makarantun zango su sa wannan cikin darasin ICT: in yaro ya buɗe manhaja, a nuna masa shafin sunayen waɗanda suka gina ta. Ranar rabon kyaututtuka, a kira ɗalibi ko malamin da ya ba da gudummawa, a tafa masa gaban iyaye. Shugabannin zango da masu hali kuma, ku saya musu data. Wanda aka ambaci sunansa yau, gobe in an kira gayya shi ne zai fara zuwa.