Rangadin 'Yan Zari-Ruga: Mai Kallo Ya Auna Burinsa

Kusan kowace shekara in watan Yuli ya gabato, sa'ad da mu nan muke fama da noman fari, Turawa kuwa suna cikin bazararsu, sai ƙungiyoyin wasan zari-ruga na ƙasashen Turai su ɗaure kaya su nufi kudancin duniya rangadi. Waɗansu su tasam ma Niyu Zilan, waɗansu Ostireliya, waɗansu Afirka ta Kudu ko Ajantina. Tun ba su hau jirgi ba magoya bayansu sun riga sun yanke hukunci a shaguna da jaridu da gidajen rediyo, wai lalle a cinye wasannin duka a komo, in ba haka ba a kori mai horarwa. To, a ganinmu wannan buri ya wuce gona da iri, kuma ya sa masu kallo suna neman hakkinsu a inda ba ya nan, suna barin inda yake.

Domin waɗanda ba su saba da wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Mutum 15 ne a kowane gefe, ana yin minti 80. Ƙwallon mai siffar ƙwai ce, ana rungumarta a ruga da ita, shi ya sa aka raɗa wa wasan wannan suna. Ba a jefa ta gaba da hannu, sai baya ko gefe. Wanda ya dire ta a bayan layin abokan karawa ya samo wa mutanensa maki 5, in aka bi da bugu ta ratsa tsakanin sanduna a ƙara 2, bugun tara kuwa 3 ne. Wasa ne na ƙarfi da karo da kayarwa, jiki yana shan wuya ƙwarai, wannan kuwa yana da muhimmanci ga maganar da za mu yi.

Al'adar rangadin nan tsohuwa ce. A cikin 1888 ne wata ƙungiya daga Birtaniya ta fara shiga jirgin ruwa zuwa Ostireliya da Niyu Zilan, ta yi watanni a can, har madugunta, Robert Seddon, ya nutse a wani kogi a Ostireliya bai komo gida ba. Daga wannan tafiya ne aka sami tushen ƙungiyar da ake kira Zakuna, watau zaɓaɓɓun 'yan wasan Ingila da Sikotilan da Wels da Ayalan, waɗanda ke haɗuwa su fita tare shekara huɗu huɗu. A 1905 mutanen Niyu Zilan, masu baƙaƙen riguna, suka rama ziyara. Suka yi wasa 35, ɗaya kaɗai aka ci su, a Kadif, Wels ta yi musu 3 da babu.

Abu na farko da ya kamata mai kallo ya sani shi ne, cin nasara a gidan wani abu ne mai wuyar samu. Kifi a ruwa sarki ne. Tun da Zakuna suka fara zuwa Niyu Zilan, sau ɗaya tak suka rinjayi masu gida a jerin manyan wasanni, a 1971, ƙarƙashin Carwyn James, wani malamin makaranta mutumin Wels. A 2017 sai canjaras aka tashi: kowa ya ci ɗaya, na ukun aka yi 15 da 15. Filin Eden Park da ke birnin Oklan kuwa, tun da Faransa ta ci masu gida a 1994, har ƙarshen 2025 babu baƙon da ya sake fita daga cikinsa da nasara a kansu. Ba tsafi ba ne. Ɗan wasan Turai yakan isa can ne bayan ya shafe wajen wata goma yana karo a ƙungiyarsa ta gida, jikinsa duk ciwo. Ya yi tafiyar yini da kwana a jirgin sama, darensa ya zama rana, ya bar zafi ya tarad da hunturu. In Johanasbag aka kai shi, birnin yana bisa tudu wajen mita 1,750 sama da teku, numfashi ma sai da sabo. Masu gida kuwa sun kwana a ɗakinsu.

Kuɗi da yawan mutane ba su maganin wannan. A 2005 Clive Woodward, wanda ya ci kofin duniya da Ingila shekara biyu kafin nan, ya kwashi 'yan wasa fiye da 40 da tarin ma'aikata zuwa Niyu Zilan. Dubban magoya baya suka bi su da jajayen riguna, suna ganin an gama. Ba a yi minti biyu da fara babban wasa na farko ba madugu Brian O'Driscoll ya goce a kafaɗa, aka fitad da shi. Aka ci su duka ukun.

Raina masu gida ma kuskure ne irin wannan. Kafin Zakuna su je Ostireliya a 2025, mutane da yawa sun ce tafiyar ɓata lokaci ce, domin Ostireliya ta faɗi tun zagayen farko a kofin duniya na 2023. Zakuna suka ci wasan farko 27 da 19 a Birisben. A na biyu, a Melbon, gaban mutum fiye da 90,000, sai ga masu gida suna gaba da 23 da 5, da ƙyar baƙi suka ƙwace 29 da 26 a mintin ƙarshe. A na uku, a Sidni, cikin ruwa da tsawa, Ostireliya ta ci 22 da 12. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Wanda ya tafi da niyyar ganin an cinye duka ya komo da ɓacin rai, alhali an nuna masa wasa irin wanda za a daɗe ana labarinsa.

To, in nasara ba tabbas ba ce, mene ne amfanin rangadin? Mu da aikinmu ya shafi horad da malamai mun san ba a gane ɗalibi a cikin aji, inda ya saba da kujerarsa da muryar malaminsa. Sai ran da aka tura shi wata makaranta ta ƙauye, aka ba shi alli, yara sittin suka zuba masa ido, sa'an nan za a san abin da ya iya, shi ma ya san abin da ya rage masa. Rangadi makaranta ce irin wannan. Yaro ya bar gida makonni, ya kwana ya tashi da manyansa, a kā da shi Asabar, ya duba kuskurensa Litinin, ya sake fuskantar mutumin da ya kā da shi Asabar mai zuwa.

Ga misali. A 1998 Ingila ta tura wata ƙungiya kudu, yawancin manyan 'yan wasanta sun zauna a gida. Ostireliya ta yi musu 76 da babu a Birisben, ba su ci wasa ko ɗaya ba a tafiyar duka. Jaridun Ingila suka yi musu ca. Cikin yaran da suka sha wannan kunya akwai wani ɗan shekara 19, Jonny Wilkinson. Bayan shekara biyar, a 2003, shi ne ya buga ƙwallon da ta ba Ingila kofin duniya a Sidni, 20 da 17, a kan Ostireliyar nan dai. Da an bi ta masu ihu a 1998, da an jefar da yaron tun bai nuna ba.

Labarin Ayalan ya fi wannan ma. Tun 1905 suke karawa da Niyu Zilan, ba su taɓa cin su ba sai 2016, a birnin Shikago na Amurka, watau bayan shekara 111. A rangadin 2012 an yi musu 60 da babu a Hamilton. Ba su daina zuwa ba. A 2022 suka koma, aka ci su 42 da 19 a wasan farko. Suka zauna suka gyara, bayan mako guda suka ci 23 da 12 a Danidin, bayan wani makon suka ci 32 da 22 a Welintan, suka komo da jerin wasannin a hannu. Mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. A lura fa, da wasa ɗaya kaɗai aka shirya, da labarin ya ƙare a 42 da 19, kowa ya ce Ayalan ba ta kai ba. Wasa na biyu da na uku su ne suka bayyana gaskiya.

Amma kada a ɗauka muna cewa mai kallo ya rufe bakinsa ya karɓi duk abin da aka ba shi. Mutumin da ya tara kuɗinsa shekaru, ya biya jirgi da masauki da tikiti, yana da hakki. Darajarsa ta bayyana a 2021, sa'ad da annobar korona ta sa Zakuna suka yi manyan wasanninsu uku a Kef Tawun fili wayam babu kowa, abin ya zama kamar biki ba makaɗa. Sai dai hakkin nan nasa yana wuyan shugabannin wasan ne, masu tsara lokaci da masu karɓar kuɗi. Yaron da ya zubad da guminsa a fili ya riga ya biya nasa.

Hakki na farko shi ne kada a sayar masa da gaibu. A 2025 Faransa ta je Niyu Zilan ba tare da yawancin gwanayenta ba, domin gasar ƙungiyoyinta ta gida ba ta ƙare ba sai ƙarshen Yuni, mutanen sun gaji. Yaran da aka tura sun yi abin yabo, a wasan farko 31 da 27 aka tashi, amma an ci su duka ukun, masu gida kuwa suka yi gunaguni cewa sun biya kuɗin ganin manya an kawo musu ƙanana. Gunaguninsu yana bisa hanya, kamar yadda na mutanen Birisben yake a 1998, ko da Ingila ta ci riba daga baya. Yaro yana koyo ne in yana tsaye kusa da babba, ajin da babu malami kuwa ba aji ba ne. Laifin ba na ɗan wasan da ya nemi hutu ba ne, rai dangin goro ne. Laifin yana ga masu cika shekara da wasanni don neman kuɗi har babu sauran wurin numfashi. Nan ne ya kamata masu kallo su ɗaga murya.

Hakki na biyu shi ne a kai rangadin inda ake ƙishinsa. Tsibiran Fiji da Samowa da Tonga sun ba duniya 'yan wasa masu yawa, har manyan ƙasashe suna taƙama da su, amma ba kasafai ake ziyartarsu ba. Niyu Zilan maƙwabciyarsu ce, duk da haka sai a 2015 ta fara yin babban wasa a Apiya ta Samowa. A 2024 da za ta kara da Fiji, can San Diyego ta Amurka aka kai wasan. Sikotilan ta cancanci yabo da ta je Suba a 2025, ko da yake an ci ta 29 da 14. Zumunta a ƙafa take. Yaron Fiji da ya ga baƙi a filin garinsu da idonsa ya sami abin da akwatin talabijin ba zai ba shi ba.

Wannan ne ya kawo mu ga sabon tsarin da shugabannin wasan suka yanka wa shekarar 2026, watau gasar ƙasashe 12: shida na Turai, su ne Ingila da Faransa da Ayalan da Sikotilan da Wels da Italiya, sa'an nan Afirka ta Kudu da Niyu Zilan da Ostireliya da Ajantina da Japan da Fiji. Bisa ga tsarin, a watan Yuli kowace ƙasar Turai ta kara da ƙasashe uku dabam dabam, wasa ɗaya ɗaya, a Nuwamba ta karɓi sauran ukun a gida, a rufe a Landan. Masu tsarin sun ce ta haka kowane wasa zai zama da lada, kuɗi kuma su ƙaru. Ba mu musa ba. Amma a irin wannan shekara babu sauran zama wuri ɗaya a kara sau uku, sai a sauka a yi wasa a ɗaure kaya a wuce wata ƙasa. Gajiyar tafiya ta ƙaru, darasin mako na biyu ya tafi. Wasannin da aka ce na gidan Fiji ne ma, a Birtaniya aka tsara su saboda kuɗin ƙofa. Abin da ya ɗan sanyaya mana rai shi ne Niyu Zilan da Afirka ta Kudu sun shirya wa 2026 rangadi irin na da, mai wasa 8, huɗu da ƙungiyar ƙasa, huɗu da ƙungiyoyin larduna, ga kuma tafiyar Zakuna zuwa Niyu Zilan da aka sa a 2029. Ashe su kansu sun san darajar abin da suke neman saki.

Saboda haka shawararmu ga masu sha'awar wasan nan ita ce, in lokacin rangadi ya gabato, su so nasara, gama ba wanda ke aika ɗansa kokawa yana fatan a kā da shi. Amma in ayari ya komo, su tambaya: yara nawa aka gwada suka tsaya? Wasan ƙarshe ya fi na farko kyau? An ba masu gida wasan da ya kai kuɗinsu? An taka ƙasar da ba a saba takawa ba? In amsoshin nan sun yi daɗi, tafiya ta yi riba ko da an sha kaye sau biyu. In kuwa ba su yi ba, su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa, su bar yaran su huta.

Allah ya ba mu ikon auna abu da ma'auninsa, amin.