Furanni Kaɗai Ba Su Isa Ba

Kowace shekara, ran 15 ga Janairu, akan yi bikin tunawa da 'yan mazan jiya, domin a ranar ce yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Manya su ajiye furanni, a saki tantabaru, kowa ya kama gabansa. Ni dai a ganina wannan bai wadatar ba.

Mu mutanen Birnin Gwari ba sai an ba mu labarin yaƙin Bama ba. A watan Maris na 2018 'yan bindiga suka kashe sojoji 11 a Kamfanin Doka. Allah ya jiƙansu. Amma fa wanda ya fito daga dajin Kamuku da ƙafa ɗaya, wa ke tambayar lafiyarsa? Ga iyali, ga kuɗin makaranta, noma kuwa ya gagare shi.

Ya kamata gwamnati ta biya shi hakkinsa da wuri, kada ya tsufa yana bin layin fansho. Mu kuma, 'yan'uwana ɗalibai, in hutu ya kai mu Kaduna, me zai hana mu nemi izini mu gai da masu jiyya a Asibitin Soja na 44?